Hoton Kakana a Badagiri

Mu Yarabawan Fagge ne. Kakana kafinta ne, aikin reluwe ya kawo shi Kano daga Badagiri, can bakin teku gaba da Legas. Ya zo da matarsa da 'ya'ya biyu: Gwaggo, wadda take da shekara tara a lokacin, da babana da ake goye da shi. Ni a Fagge aka haife ni, a nan na yi allo da boko, Yarabancina kuma bai wuce na gaisuwa da amsa aike ba. Ina da shago a Kasuwar Sabon Gari, ina sayar da kayan gyaran keken ɗinki.

Bayan rasuwar babana, Gwaggo ce kaɗai ta rage wadda ta san gidanmu na can da idonta. Tun muna yara take ba mu labarinsa, har mun haddace shi kamar mun kwana a ciki. Bene ne na katako, kakana ya gina shi da hannunsa shekarar da zai yi aure. Akwai rijiya a tsakar gida, wadda aka haƙa Gwaggo tana da wayo, har ita ma ta kwashi ƙasa a ƙwarya. Akwai zoben ƙarfe a jikin bango inda kakata take ɗaure akuyarta. A ƙarƙashin matakala kuma akwai wani ɗan ɗaki mai duhu da ake ajiye garin rogo da bandar kifi, nan Gwaggo take ɓuya idan ta yi laifi.

A ɗakin Gwaggo akwai hoton kakana rataye. Yana zaune a kujerar da ya ƙera da kansa, da babbar riga da hula, ya ɗora hannun hagu a gwiwa. Yatsa huɗu ne a hannun, zarto ya cire masa ɗaya tun yana koyon aiki. Gwaggo ta ce biyu aka wanke hoton, ya taho da ɗaya, ya bar wa ƙanensa ɗaya tare da makullin gidan.

Da aka yi mata aikin yanar ido ta dawo tana gani sosai, sai ta sa ni gaba. Ta ce tunda Allah ya mayar mata da idonta, tana so ta ga gidan ubanta kafin ta mutu. Shekara biyu ina ja mata rai, yau kasuwa, gobe hanya ba kyau. Daga ƙarshe wata mai sayar da atamfa a Rijiyar Lemo, wadda take zuwa Legas saro kaya, ta samo mana lambar jikan ƙanen kakana, shi ne yake riƙe da gidan. Na kira shi, muka yi magana da Turanci. Bai nuna murna ba, bai kuma hana ba. Ya ce mu zo.

Bayan Babbar Sallah muka hau doguwar mota a Sabon Gari. Gwaggo ta yi wa mutanen gidan tsarabar kilishi da dabino da turmin atamfa biyu. Sai da muka kwana a hanya, muka sake kwana a Legas, sannan muka isa Badagiri da hantsi. Na kira ɗan'uwan namu, ya ce ya fita, mu zo bayan azahar.

Tunda muna da lokaci, na ce mu zaga gari. Gwaggo ba ta gane komai ba sai ruwan da bishiyoyin kwakwa. Muka shiga wani ɗan gidan tarihi, aka nuna mana sarƙoƙi da mari da aka sa wa mutane a wuya da ƙafa zamanin cinikin bayi. Na ɗaga ɗaya, da ƙyar na riƙe ta da hannu biyu. Daga nan muka hau kwalekwale muka tsallaka ruwa, muka bi wata doguwar hanyar rairayi wadda aka ce ta nan ake kora bayi zuwa jiragen Turawa. Gwaggo ta ƙi yarda mu tsaya a rabi, tana dogara sanda har muka ga teku. Ta tsaya ta ɗaga hannu ta yi wa waɗanda aka tafi da su addu'a. Ta ce kakarta ta sha ba ta labarin nan, gaskiya ne, an yi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka muna musun tarihi. An sayar da mutane a garin nan, mun ga shaidarsa da idonmu.

Bayan mun yi azahar a wani masallaci muka nemi gidan. Gwaggo ce ta fara hango shi. Ta damƙe hannuna ta ce, "Ga shi can. Ga tagar ɗakinmu."

Gidan yana nan, ya tsufa, an shafe shi da farar ƙasa. Amma a saman ƙofa akwai allo da rubutun Turanci: wai tsohon gidan ajiye bayi. Na karanta sau biyu. A bakin ƙofa wata mata tana zaune a kan benci da ɗan littafin tikiti. Na ce mata mu 'yan gida ne daga Kano, mai gidan ya san da zuwanmu. Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce da Turanci maigida bai dawo ba, idan za mu shiga sai mu yanki tikiti mu bi baƙi.

Gwaggo ta ce, "Me take cewa?"

Na ce, "Cewa ta yi mu shiga, yana hanya."

Na yanki tikiti biyu a ɓoye na cusa a aljihu. Ƙaryata ta farko ke nan a ranar.

A tsakar gida muka tarar da baƙi kamar goma sha biyu, baƙaƙen fata ne daga Amurka, yawancinsu mata masu shekaru, sun sa fararen kaya. Wani mutum mai furfura a gemu da murya mai daɗi yana yi musu jagora. Muka tsaya a bayansu. Gwaggo ba ta ma kula da su ba, tana ta waige-waige, tana taɓa bango, leɓenta yana motsi.

Jagoran ya kai su bakin rijiya. Ya ce wannan rijiya ta haura shekara ɗari uku, ruwanta ake ɗura wa bayi don su manta garinsu da iyayensu. Ya kai su wurin zoben ƙarfe, ya ce a nan ake ɗaure bawan da ya yi taurin kai, a bar shi a rana kwana uku. Ya buɗe ɗakin ƙarƙashin matakala, ya ce mutum arba'in ake cusawa a ciki. Ɗakin da ko buhu goma ba zai ci ba. Wata dattijuwa a cikinsu ta durƙusa, ta kama zoben da hannu biyu tana kuka mara sauti, kafaɗunta suna rawa.

Gwaggo ta ja rigata. "Me ya samu baiwar Allah nan? Me take yi wa kuka a wurin ɗaure akuya?"

Na ce, "Tarihi yake ba su, Gwaggo."

"Tarihin me?"

"Na garin."

Na ce a raina bari a gama, ɗan'uwanmu ya dawo, mu yi magana a cikin gida.

Sai aka hau bene. Na riƙe Gwaggo muka hau a hankali, tana ƙirga matakala da Yarabanci kamar yarinya. A babban ɗakin sama, a tsakiyar bango, ga hoton nan. Shi ne dai na ɗakin Gwaggo, an ƙara masa girma, an sa a gilashi, an rataya wata tsohuwar sarƙa a ƙarƙashinsa. Jagoran ya nuna shi da sanda, ya rage murya. Ya ce wannan shi ne mai gidan, babban dillalin bayi, wanda ya sayar da dubban 'yan'uwansa don madubi da barasa. Ya ce su dubi idonsa, babu tausayi a ciki. Wani a cikin baƙin ya yi tsaki. Wayoyi suka ɗaga ana ɗauka.

Gwaggo ba ta jin Turanci, amma shekara sittin tana ciniki da Inyamurai a Sabon Gari, ta san kalmar bawa, ta san kalmar sayarwa, kuma ta ga sarƙar. Ta saki hannuna. Ta ratsa ta tsakiyar mutanen da sandarta har gaban hoton, ta juyo ta fuskanci jagoran. Da Yarabanci ta fara, irin na da wanda ta taho da shi tun tana yarinya, da ya ƙare mata sai ta koma Hausa.

"Ubana ne wannan. Kafinta ne. Ka dubi hannunsa, yatsa huɗu ne, zarto ya cire ɗaya. Gidan nan shi ya gina shi, ni aka haifa a ɗakin can. Rijiyar da ka nuna, a gabana aka haƙa ta. Wa ya sayar? Faɗa mini sunan mutum ɗaya da ya sayar."

Jagoran ya yi murmushi, ya ce wa baƙin Mama ta tsufa, daga Arewa aka kawo ta, zafin hanya ne. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka fita da ita ta sha iska."

Dattijuwar nan da ta yi kuka a ƙasa ta matso. Idonta har yanzu jajur. Ta kama hannun Gwaggo ta tambaye ni me take cewa. Gwaggo ma ta juyo ta ce, "Gaya mata. Gaya mata akuyar uwata ake ɗaurewa a ƙarfen nan. Kada ta ƙara zubar da hawayenta a wurin."

Duk ɗakin aka zuba mini ido. Matar nan ta tsallako teku, ta kashe abin da ta kashe, ta durƙusa a ƙasa tana neman kakanninta. Na ji nauyin in ce mata wurin akuya ta yi wa kuka. Na ji kunyar a ce mun zo mun tayar da rigima a garin mutane. Sai na ce mata da Turanci, "Tana cewa ita ma danginta daga gidan nan suke, abin ya taɓa mata zuciya."

Matar ta rungume Gwaggo tana shafa mata baya, wasu suka taso suna ɗaukar su hoto. Gwaggo ta ɗauka saƙonta ya isa, tana ta gyaɗa kai tana cewa, "Yauwa, kin ji ko? Kafinta ne." Su kuwa sun ɗauka jikar bayi ce ta zo ganin inda aka azabtar da iyayenta. Jagoran ya dube ni ta gefen ido, ya ɗan sunkuyar da kai kamar mai godiya. Har yau idan na tuna wannan kallon sai na ji kamar in fasa wani abu.

Baƙi sun tafi da la'asar, ɗan'uwan namu ya dawo. Sa'ana ne, mai ƙiba, da makullin mota a hannu. Ya kwanta ƙasa ya gaida Gwaggo irin gaisuwar Yarabawa, ya sa aka kawo mana lemo. Gwaggo ba ta taɓa lemon ba. Ta ce in tambaye shi wa ya rataya hoton.

Ya ce shi ne.

Na ce, "Ka san ko wane ne?"

Ya ce ya sani, yayan kakansa ne, wanda ya tafi Arewa bai dawo ba.

Na ce, "Ka san kafinta ne, ka san bai taɓa sayar da kowa ba, ka san gidan nan bai kai shekara ɗari ba."

Ya ajiye makullin a tebur. Ya ce, "Ɗan'uwa, wa zai taso daga Amurka ya zo kallon gidan kafinta? Lokacin da rufin nan yake yoyo, gara tana cin katako, kuna ina? Shekara nawa ba wanda ya leƙo daga Kano. Da ban yi haka ba, da gidan ya rushe, da Mama ta zo ta tarar da shagon sayar da katin waya. Kuma ai an yi cinikin bayi a garin nan. Ko ba a gidan nan ba, an yi a na kusa. Mene ne bambancin?"

Na ce bambancin shi ne mutumin da ke jikin bango yana da 'ya, ga ta zaune. Na ce idan baƙi yake so, ga gidajen tarihi na gaskiya a bakin ruwa, ga hanyar rairayi, ba wanda ya hana shi kai su. Na ce ya ɗauki mutumin da ya yi sallah ya yi azumi ya ci guminsa har ya rasa yatsa, ya mayar da shi abin tsinuwa, kullum baƙi suna tofa masa yawu a zuci suna tafiya da hotonsa ƙasashen duniya. Muryata ta hau har matar tikiti ta leƙo. Na san rabin faɗan da nake yi masa na kaina ne, amma ban fasa ba.

Ya ce ba a rubuta sunan kakan nawa ba, ba wanda ya san shi. Ya ce mu 'yan Arewa ba mu san yadda ake rayuwa a nan ba.

A Kano, duk ranar da aka yi saɓani a kasuwa, sai wani ya tuna mini ni Bayarabe ne. A gidan da kakana ya kafa kowace ƙusa da hannunsa kuma aka ce mini ɗan Arewa.

Gwaggo ta ce in yi shiru haka nan. Ta miƙe ta yi masa magana da Yarabanci a hankali, na tsinci kaɗan. Ta ce ba gida ta zo karɓa ba, ba ta son ko ƙusa ɗaya, ya ci gidan lafiya. Abu ɗaya take so, ya sauke mata ubanta daga bango. Ya hau bene da kansa ya sauko da hoton, ya jingina shi a bayan kujera, fuskar tana kallon bango. Ya ce an gama, Mama ta yi haƙuri. Na ce mu tafi da shi. Ya ce gilashin zai fashe a mota, kuma ai muna da namu. Gwaggo ta ce in bar shi, ya yi alkawari a gaban babba. Ta sa na ba shi kilishin da dabinon da atamfar, don da sunan gidan ta ɗauko su. Ya ce mu kwana, ta ce a'a. Ko ɗakin da aka haife ta ba ta shiga ba.

Mun dawo Fagge, maƙwabta suna ta shigowa sannu da zuwa. Aka tambaye ta yaya gida, ta ce gida yana nan, teku ma yana nan. Ba ta ƙara ba. Labaran da take ba jikoki na rijiya da ɗakin kifi, daga ranar ta daina.

Bayan kamar wata guda, ina zaune a ɗakinta da safe kafin in fita kasuwa, ta ce, "Matar nan da ta rungume ni. Me ka gaya mata?"

Na ce abin da ta ce in faɗa.

Ta ce, "Na yi ta tunani. Mutumin da aka gaya wa an yaudare shi ba ya rungumar mutane yana shafa musu baya. Fushi yake yi. Ita ba ta yi fushi ba."

Na sunkuyar da kai na gaya mata gaskiya, har da tikitin. Sannan ta ce, "Wancan bai san ubana ba, ciki yake nema wa abinci. Kai a ƙarƙashin hotonsa ka girma. Na sa ka a makaranta ka iya Turanci, rana ɗaya na nemi bakinka." Ta ce in tashi in tafi kasuwa, rana tana yi.

Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma canza mini fuska ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Maƙwabcina a kasuwa Inyamuri ne mai sayar da zare, tare muka taso. 'Yarsa tana karatu a Legas, sai makarantarsu ta kai su yawon ganin tarihi Badagiri. Ya san labarin, don na ba shi. Wata rana ya miƙo mini wayarsa. 'Yar ce da ƙawayenta a ɗakin sama, suna tsaye sun ɓata fuska, a bayansu ga kakana a bango, da sarƙar a ƙarƙashinsa. Na kira ɗan'uwan namu sau bakwai a ranar, bai ɗauka ba. Na rubuta masa dogon saƙo, maƙwabcina ya gyara mini Turancin, wayar ta nuna an karanta, ba amsa. Na rubuta gaskiyar labarin a shafin da masu yawon buɗe ido suke yaba gidan, bayan kwana biyu aka goge. Gwaggo ban gaya mata ba. Wannan karon na san ɓoyewa nake yi, kuma na zaɓi in yi.

Ta rasu bayan shekara biyu, da damina, aka kai ta bayan sallar Juma'a. Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, wayata ta yi ƙara, na ga lambar Badagiri. Na tashi na koma gefe. Ya yi mini ta'aziyya da kyau, ya ce Mama mutuniyar kirki ce, ya yi mata addu'a. Na amsa, har zuciyata ta ɗan yi sanyi. Sai ya gyara murya ya ce, idan an zo raba kayanta, ko ta bar wasu tsofaffin hotuna, musamman na mata da yara, kada mu zubar, yana buɗe sabon ɗaki a ƙasa.

Na ce masa ta bari, guda goma sha ɗaya, suna cikin akwatinta. Na ce ranar da ya sauke na bango ya aiko mini da shi Kano, da gilashinsa ko a fashe, zan bar shi ya zo ya gan su da ido a ɗakinta, in gaya masa sunan kowa da sana'arsa. Ya ce zai yi tunani. Na kashe wayar na koma kan tabarma, ana jira in karɓi gaisuwar mutanen layinmu na kasuwa.